Ranar da Dakta Ya Ja Mini Baki

Ni dai Allah bai yi ni da baki ba. A gona ko a ofis ina iya ɓata rabin yini ina yi wa mutum ɗaya bayanin ƙasa, jigawa ce ko laka, me ta rasa, me take so. Amma da zarar mutane sun yi yawa, aka kuma miƙo mini makirfo, sai harshena ya yi nauyi, gumi ya karyo mini tun daga ƙeya. Aikina gwajin ƙasar noma ne, a wani ƙaramin ofishin bincike da ke Daura, kuma irin aikinmu ba ya cika sai an je taron masana an tsaya a gabansu an faɗi abin da aka gano. Wannan ɓangaren ne na tsana.

Karon farko da aka tura ni irin wannan taro, abin da na yi har yau abokan aiki suna tsokanata da shi. An ba kowa 'yan mintuna. Ni kuwa ɗan Daura, tarbiyyar gida ba ta bar ni in fara magana ban gai da mutane ba. Na gai da shugaban zama, na gai da farfesoshi ɗaya bayan ɗaya, na gai da malamaina na jami'a da na hango can baya, na yi wa waɗanda suka zo daga nesa barka da hanya da ban gajiya, na yi addu'a ga waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Duk fa da Turanci. Ina cewa yanzu sai mu shiga cikin aikin, aka kaɗa ƙararrawa. Na juya wa mutane baya, na fuskanci allon majigi, na dinga karanta rubutun da na cika shi da shi kamar wanda ake kora, har sai da shugaban zama ya taso ya karɓi makirfon da hannunsa. Tun daga ranar, duk wanda ya ambata mini taro sai in ce ina da aiki a ƙauye.

Shugaban ofishinmu wani dattijo ne siriri mai ƙarancin magana, kowa Dakta yake ce masa, har manoma. Tun ina firamare yake bin gonaki tsakanin Zango da Babban Mutum a kan babur, saboda bishiya ɗaya tak, wato gawo. Wanda ya tashi a ƙasarmu ya san halin gawo. Da rani, lokacin da sauran itatuwa suka bushe, shi yake yin kore shar, shanu su kwanta a inuwarsa su ci 'ya'yansa su bar taki. Da damina kuwa, da kowa ya yi ganye, sai shi ya kakkaɓe nasa, rana ta sami geron da ke ƙarƙashinsa. Manoma sun san geron gindin gawo ya fi kyau, wannan ba sabon labari ba ne. Abin da Dakta ya yi shi ne ya lallashi wasu magidanta suka daina sare ƙananan gawo lokacin sharar gona, sannan ya dinga komawa gonakin kowace shekara yana ɗibar ƙasa yana aunawa, tun itatuwan suna iya gwiwa har suka fi ɗaki tsawo. Aiki ne da ba a iya gaggauta shi, ba a kuma iya sake shi daga farko, sai in mutum zai sami wata rayuwar.

To, ritayarsa ta matso. Ofishinmu ba shi da mutanen da za su riƙe aikin, ni ma an riga an gaya mini za a mayar da ni ɗakin gwaje-gwaje gaba ɗaya. In wata jami'a ba ta ɗauki gonakin nan ba, awo ya tsaya ke nan, kuma 'ya'yan magidantan da suka gaji gonakin ba za su ga dalilin kewaye ƙayar ƙananan gawo da garma ba tunda ba mai zuwa dubawa. Dakta bai taɓa son yawon taro ba, shi ya sa masana da yawa sun san sunansa a takarda amma ba su san fuskarsa ba. Sai ga shi a shekarar an ce babban taron masana ƙasa da noma a Daura za a yi shi bayan ƙaramar Sallah. Taro ya biyo shi har ƙofar gida. Muna cikin murna ciwon maƙogwaro ya kwantar da shi, aka kai shi Kano aka yi masa aiki. Ya dawo da ransa, alhamdu lillahi, amma muryar ta tafi. Sai raɗa, ita ma sai ka kai kunnenka kusa da bakinsa.

Da azumi ya kama ya yafito ni ofishinsa. Na sunkuya.

"Kai za ka yi magana," in ji shi.

"Ranka ya daɗe, ni? Ai ka san tarihina. Gara a ba wa masinja."

Ya yi murmushi, ya sake yafito ni. "Kawunka yana tafsiri bana?"

Na ce yana yi. Kawun nawa yayan mahaifiyata ne, malami ne a unguwarmu, kuma tun ban san kaina ba nake zama a tafsirinsa na bayan la'asar. Dakta ya ce gobe mu je tare. Na ce a raina, wato abin har ya kai sai an haɗa da addu'a.

Azumin shekarar cikin zafi ya faɗo. In kana neman mutanen da suka fi wuyar sauraro a duniya, to ka sami masu azumi bayan la'asar. Ga manoma, ga dillalan shanu, ga 'yan acaba sun jingine baburansu, ga kanikawa da baƙin mai a hannu, kowa leɓe ya bushe, kowa ido yana kan rana. Muka zauna a gefen tabarma a ƙofar masallaci. Kawu yana kan buzunsa, a damansa alaramma mai ja masa baki, wato wanda yake karanto aya shi kuma ya yi bayani. Dakta ya taɓa gwiwata ya nuna idonsa da yatsa, ya nuna Kawu. Na gane yana nufin yau kallo zan yi.

Alaramma ya karanto aya ɗaya gajeriya, ya yi shiru. Kawu ma ya yi shiru. Shirun ya yi tsawon da in ni ne a wurinsa da tuni na fara ba da haƙuri. Sai da kowa ya ɗago kai, sannan ya fara, a hankali, kamar yana yi wa mutum ɗaya magana a zaure. Kan amana ake ranar. Ya yi bayani ya gama, ni a ganina ya gamsar, amma bai ce a ci gaba ba. Na bi idonsa. Can ƙarshen taro akwai wani tsohon makiyayi da sanda a kafaɗa, ya tattare goshi. Kawu ya dawo baya, ya ɗauko zancen saniyar da aka ba mutum kiwo, ta haihu a daji ba mai gani, mai ita yana gari bai san ma ta ɗauki ciki ba. Ina kallo goshin tsohon nan ya saki, ya gyaɗa kai, ya ce "Haka ne, Malam," da ƙarfi. Sai a sannan Kawu ya ce, "Alaramma, ja."

Shekara da shekaru ina zama a wurin nan, ban taɓa ganin wannan ba. Na ɗauka baiwa ce kawai, mutum ya buɗe baki magana ta zubo. Ashe aiki ne, yana da tsari kamar saƙa. Abu ɗaya ake ajiye wa mutane a gaba, ba a ɗauko na biyu sai an ga na farkon ya shiga. Kuma ba a takarda ake ganin shigarsa ba, a fuska ake gani. Har aka tashi ba wanda ya sake duba rana, ni kaina na manta ina jin ƙishirwa. Ba ina haɗa hotunan da zan nuna a taro da aya ba ne, Allah Ya tsare ni, amma na ga hanya, kuma na ji kwarjinin kawuna ya cika ni kamar yau na fara ganinsa.

Da aka watse na matsa na durƙusa na gaishe shi, na gaya masa abin da ke gabana. Ya yi dariya har rawaninsa ya motsa.

"Kai ne aka ce ka je taro ka gai da mutane ka dawo?"

"Allah gafarta Malam, ashe labarin ya zo nan."

"Ai uwarka ba ta ɓoye mini komai. Kai ɗan nan, sallama ta ishe ka. Mutane sun baro garuruwansu don su ji abin da ka sani, ka ba su shi, wannan ma girmamawa ce."

Na ce tsoro ne yake kashe ni. Ya ce shi ma har yau in alaramma ya gyara murya sai ya ji tsoro ya kama shi, kuma ranar da ya daina jin haka zai naɗe buzunsa ya bar wa wani. Wannan maganar ta fi komai ba ni mamaki, don ni ban taɓa zaton Kawu ya san wani abu wai shi fargaba ba.

Muka koma ofis muka zauna kan shafukan da na shirya. Dakta ya sa na goge rubutun kusan duka. Ina gogewa ina jin ciwo, don a bayan rubutun nan nake ɓuya. Ya rage hoto ɗaya a kowane shafi, sai zane ɗaya na awon ƙasa. Da muka gama ya ɗauki rimot ɗin majigi ya jujjuya shi, ya yafito ni.

"Ni zan ja maka baki."

Na ce haba ranka ya daɗe, ina ni ina zama a mazaunin malami kai kana gefe? Aikinka ne fa, ni ɗan aike ne. Ya ɗaga babban yatsansa ya ce murya ce ta tafi, wannan yana nan. Ya kafa mini sharaɗi biyu. Ba zan ce masa ya canja hoto ba, shi zai ga lokacin da ya dace. Kuma ba zan tsaya gabatar da shi ba, sunansa yana shafin farko, ya wadatar. Sauran kwanakin azumi muka dinga gwaji da hantsi a gaban kujeru marasa kowa, ina magana yana dannawa. In na juya wajen allo sai ya ƙwanƙwasa tebur, in na fara gudu ya sake ƙwanƙwasawa. Teburin nan ya sha wuya.

Ranar taro zauren ya cika. Ga mutanen jami'o'i, ga baƙi daga ƙetaren iyaka, ga ɗalibai a baya. Dakta ya zauna a ɗan teburin kwamfuta da ke gefe, cikin farin kaftani mara ado, ya naɗa ƙyalle a wuya ya rufe tabon aikin. Aka kira ni. Na hau, na yi sallama, na ce barkanmu da rana. Wallahi sai da na cije harshe, don sunayen manya sun taru a bakina suna neman fita.

Hoton farko ya bayyana, gawo kore da rani, shanu kwance a ƙarƙashi. Na ce wannan bishiya tana yin komai a saɓanin 'yan uwanta. Hoto na biyu, ita dai bishiyar da damina, ba ganye ko ɗaya, gero ya kewaye ta ya fi mutum tsawo. Na ji zauren ya yi tsit. Abin yana tafiya. Sai zanen awon ƙasa ya fito, layi yana hawa a hankali, ya ɗan faɗa a tsakiya, ya sake hawa. A nan ne ran aikin yake. Na zubo bayanin da na haddace, da manyan kalmominsa na Turanci, ban yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Na gama, na tsaya ina jiran hoto na gaba.

Bai canja ba.

Na ce ko rimot ne ya ƙi. Na saci kallon Dakta, na ga ba ni yake kallo ba, mutane yake kallo, yatsansa yana kan maɓalli bai danna ba. Na ji kamar in roƙe shi da babbar murya. Da na rasa yadda zan yi sai na bi idonsa, kuma ranar ce ta farko a rayuwata da na kalli fuskokin mutanen da nake yi wa magana. Ashe ba dodanni ba ne. Mutane ne kawai da suka gaji da zama, wasu suna kallon zanen kamar rubutun da ba su iya karantawa ba. A tsakiya akwai wata mata mai tabarau, farfesa ce daga wata jami'a, ta riƙe biro a sama ta tattare goshi.

Na ajiye haddar. Na ce mata, don ita nake kallo, wannan layi gonar wani magidanci ce a Babban Mutum. Inda ya fara, a nan ne ya yarda ya bar ƙayar da ubansa yake sarewa, maƙwabta suna yi masa dariya wai lalaci ne ya hana shi shara. Hawan da kuke gani girman bishiyar ne, shi ya sa ba ya sauri. Inda ya faɗa, shekarar da ruwa ya yi ƙaranci ce, makiyaya suka sassare rassan suka ba dabbobi, kuma ba wanda ya ga laifinsu. Inda ya sake tashi, bishiyar ce ta yi sabon toho, ƙasar ta biyo ta. Na ce mai gonar ya rasu, ɗansa ne yake nomanta yanzu, kuma ko layin nan ya ci gaba ko ya tsaya ya danganta da ko za a sami mai zuwa ya auna baɗi.

Goshinta ya saki. Ta sauke biron ta fara rubutu. A bayana na ga hasken allo ya sauya.

Abin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba. Ga mutum ba shi da murya, yana zaune a gefe, amma shi yake tafiyar da zauren gaba ɗaya da yatsa ɗaya, har da ni. Daga nan tsoro ya sake ni. Ya ajiye mini hoto, in yi bayani, in duba fuskoki, ya ajiye wani. Na gama ba a kaɗa ƙararrawa ba. Aka yi tafi, aka yi tambayoyi, na amsa waɗanda na sani, waɗanda ban sani ba na ce ban sani ba. Farfesar ta miƙe ta ce tana da ɗaliban da suke neman irin waɗannan gonaki ido rufe, tana so mu gana da an tashi.

Ina saukowa aka kira mai magana na gaba, wani matashi cikin kwat. Ya wuce kai tsaye wurin Dakta ya miƙa masa filash, ɗan abin da ya zubo hotunansa a ciki, ba tare da ya dube shi ba.

"Baba, sa mini wannan. In na ce gaba sai ka danna, ka ji? Kar ka yi barci."

Raina ya ɓaci. Na yunƙura zan je in gaya masa ko wane ne yake aike, Dakta ya ɗaga mini hannu. Ya karɓi filash ɗin da hannu biyu, ya sa, ya gyara zama. Haka ya yi wa yaron nan aiki har ya gama, fuskarsa a sake, ba ko alamar jin haushi. Sau ɗaya ma na ga an ce gaba ya ɗan jinkirta, yana duban mutane. Na zauna ina kallonsa, haushina ya gushe. Ni da aka tafa wa yanzu-yanzu, na ji na zama ɗan ƙarami a gabansa.

Da aka tashi shan ruwa mutane suka yanyame ni. Na ratsa su na je wurin farfesar, na ce ranki ya daɗe, ga mai aikin can. Ta dubi inda na nuna, ta dubi takardar taro, ta dafe ƙirji ta yi salati. Ta ce tun tana ɗaliba take karanta sunansa. Ta je gaban teburin ta rusuna har ƙasa ta gaishe shi, ta ce ya yafe musu, ba su sani ba. Sannan ta ce sashenta zai karɓi gonakin in ya amince, yaushe ya kamata su zo?

Dakta ya buɗe baki ya yi raɗa. Zauren ya cika da hayaniya da ƙarar kofuna. Ta matso da kunnenta, ya sake gwadawa, ta girgiza kai ba ta ji ba. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi a saman ƙyallen, ya gwada na uku, iska kawai ta fito. Sai ya ɗago ya dube ni.

Ni ma ban ji abin da ya ce ba, ina tsaye nesa da shi. Amma na buɗe baki.

"Ya ce ku zo kafin a fara sharar gona. Lokacin ne ake sare ƙananan."

Ya daɗe yana kallona, idonsa ya ciko. Sannan ya gyaɗa kai.

Sun zo kafin shara, mota cike da ɗalibai, Dakta ya raka su gona-gona yana nuni da sanda ni ina faɗa. Da shekara ta zagayo suka sake zuwa, bana ma sun zo. Shi dai zuwan farkon kawai ya gani, Allah Ya jiƙansa.